Gafakar Malam Abdulwahidu

Kuala Lumpur, 14 ga Agusta, 2021

Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Najiba da Haidar. Ya ƙafar Hajiya? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Dakta Abdussalam, Ya sa ya huta, Ya ba ki juriyar wannan takaba.

Na ga saƙonki cewa in daina kira, in riƙa rubutowa, tunda duk wayar da muka yi a kuka take ƙarewa. Na yarda. Ni ma akwai abin da bakina ya kasa ɗauka, gara in sa shi a rubuce.

Ranar da zazzaɓin korona ya kwantar da shi, ni ya fara kira. Ya ce ba ya iya girki. Na je shagon abincin nan da suke kira mamak, na ƙasan benenku, na sayo masa shinkafa da kaza, na hau, na rataye ledar a hannun ƙofa, na ƙwanƙwasa. Da na ji takunsa yana tahowa sai na juya da sauri na nufi lif. Ta bayan ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Hambali, na gode, Allah Ya yi albarka." Ban amsa ba, Yaya. Gani nake ko amin na ce zan shaƙi wani abu. Bayan kwana biyu motar asibiti ta ɗauke shi. Shekara uku ina cin tuwon Juma'a a gidanku, ba don komai ba sai don kakata da kakarki uwarsu ɗaya, kuma abin da na iya saka masa da shi ke nan. Ke kin tafi Kano da yara da niyyar sati shida, aka rufe iyaka, ga shi shekara ɗaya da rabi. Hanya ce ta hana ki. Ni ba abin da ya hana ni sai tsoro, kuma abin yana cina.

Yanzu ga maganar gida. Mai gidan na Bukit Jalil yana son makullinsa ƙarshen wata. Akwai Zulkiflu, wani ɗan Zariya mai aika kaya gida ta jirgin ruwa, yana da ɗakin ajiya a Kampung Baru. Ki rubuto mini abin da za a sayar, da abin da za a bayar, da abin da kike so ya iso Kano. Ki bar mini wannan aikin, ko na ɗan rage nauyin da ke kaina.

Ƙaninki,
Hambali

Kano, 21 ga Agusta, 2021

Hambali,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Ƙafar Hajiya yau da sauƙi gobe babu. Haidar har yanzu in aka yi masa magana da Hausa da Turanci yake amsawa, yaran unguwa sun sa masa Ɗan Malesiya. Ya karatu? Ya kulle?

Maganar leda a ƙofa, ka cire ta a ranka. Da ka shiga ma korar ka zai yi, ka san shi. Ya faɗa mini a waya ka kawo abinci, har yana yi maka tsiya wai kazar duk ƙashi ce.

Firji da kujeru da injin wanki, ka ba ɗaliban da ke da iyali, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Littattafansa da kayan sawarsa da tukwanena a aiko. Amma duk wannan ba shi ya sa na zauna rubutu ba.

A saman kwabar ɗakinmu, can ciki, akwai gafaka ta jar fata naɗe da farin ƙyalle. Alƙur'ani ne rubutun hannu. Mahaifin Dakta, Malam Abdulwahidu, shi ya rubuta shi da ka, shekara biyu yana yi. Tun daga Yaya Alkasim, babban wansu, duk ɗan da aka haifa a gidan a cikinsa yake yin sauka, 'ya'ya da jikoki. Ranar walima ake fito da shi, yaro ya karanta a gaban dangi, a mayar. Lokacin da za mu tafi Malesiya, Dakta sai da ya yi sati yana lallashin Yaya Alkasim kafin ya ba shi aronsa, don yaranmu su saba da rubutun kakansu. Yanzu Najiba saura izu shida ta sauke. Tun ranar uku Yaya Alkasim ya fara tambayata ina Alƙur'anin Malam.

Ka ji da kyau. Kada ka sa shi cikin kayan jirgi. Kada ka ba kowa ajiya. Ka kai shi ɗakinka ya zauna wurinka har Allah Ya kawo mai tahowa ya riƙo shi a hannu. In duk sauran kayan suka nutse a teku ba zan yi kuka ba, wannan ɗaya nake roƙonka.

Ka ci abinci. Na san ka, in ba a tsaya a kanka ba shayi da burodi ne.

Yayarka,
Hannatu

Kuala Lumpur, 3 ga Oktoba, 2021

Yaya Hannatu,

Sallama da fatan alheri. Ki gafarce ni, sati shida shiru. Lafiyata ƙalau, an yi mini allurar rigakafi ta biyu, hannun ya yi kwana biyu kamar ba nawa ba. A gaida Hajiya da yara.

An kwashe gidan. Firji yana wurin wani ɗan Katsina mai 'ya'ya huɗu, matarsa ta yi ta addu'a. Sauran kayan sun zama kwali tara da duron roba biyu masu murfi, suna ɗakin Zulkiflu. Sai dai jirgi ya yi wuya. Ya ce tun da annobar nan ta zo kwantena ta zama abin nema, ƙila sai sabuwar shekara. Alƙur'ani yana wurina, kada ki damu.

Kin taɓa tambayata wai me nake karantawa shekara uku ba na gamawa. To kin jawo wa kanki. Bincikena a kan takaful ne, wato inshorar Musulunci, da yadda za ta tsaya wa mutane in bala'i ya auku. Babin da nake kai yanzu a kan girgizar ƙasar da aka yi ne a birnin San Francisco na Amurka, a 1906. Ƙasa ta motsa da sassafe, kamar minti ɗaya, gine-gine suka zube, bututun ruwa suka farfashe. Sai gobara ta tashi. 'Yan kwana-kwana suka fito ba ruwan kashewa, wuta ta yi kwana uku tana cin garin. Mutanen da yawa suna da inshora, amma ta gobara ce, takardarsu ba ta ɗauki girgizar ƙasa ba. Sai rigima ta koma gida-gida: wannan ƙasa ce ta kayar da shi ko wuta ce ta cinye shi? Har an ruwaito wasu da suka ga girgiza ta tsaga musu gida sun cinna masa wuta da hannunsu don a biya su. Wasu kamfanonin sun yi ta biya har suka karye, wasu suka ƙi. Daga nan aka ƙara tsananta rubuta kowane bala'i da sunansa a takardar inshora, garin kuma ya gina rumbunan ruwa a ƙarƙashin tituna saboda ranar da famfo zai sake mutuwa.

Malamina ya sa na koyar da wannan darasin ga 'yan aji biyu ta kwamfuta. Ki gan ni da babbar riga a sama, gajeren wando a ƙasa, ina ta zuba. Na ce musu ɗan Adam bala'in da ya saba gani yake yi wa shiri. Masu cinna wutar kuwa ban rage musu komai ba, na ce macuta ne. Wata yarinya ta tambaya, to in su ba su da wata hanya fa? Na ce mata hanyar gaskiya ba ta taɓa toshewa. Har ni kaina maganar ta burge ni.

Saboda haka na yi wa kayanki takaful na gobara da sata. Nan garin ba ya kan layin girgiza. Ki kwantar da hankalinki, kayanki suna hannun gwani.

Hambali

Kano, 19 ga Disamba, 2021

Hambali,

Kana lafiya? Don Allah ka amsa ko da kalma ɗaya ce. Tun jiya matan da muka zauna tare a can suke turo hotuna, motoci sun nutse har rufi, mutane a kan kwanon gida. Na ga titin da nake sayen kifi a Kampung Baru ya zama kogi. Na kira ka sau bakwai, na karya dokar da ni na kafa, ba ka ɗauka ba.

Mu lafiya lau. Na fita takaba sati biyu da suka wuce. Najiba saura izu biyu, Yaya Alkasim ya sa ranar walima, Asabar ta tsakiyar Sha'aban, kafin azumi.

Na san ɗakin Zulkiflu a unguwar nan yake. In kayan sun jiƙe, sun jiƙe, kada ka sa kanka cikin ruwa saboda tukunya. Da na ga hotunan gabana ya faɗi, sai na tuna gafakar tana hawa na sha huɗu wurinka. Wallahi sai da na yi sujada.

Hannatu

Kuala Lumpur, 28 ga Disamba, 2021

Yaya Hannatu,

Lafiyata ƙalau, ki yi haƙuri da tayar miki da hankali. Ruwa bai zo unguwarmu ba. Wayata ce ta yi ta ba ni matsala.

An yi ruwa tun ranar Juma'a har Asabar ba tsayawa. Ya shiga ɗakin Zulkiflu. Duro biyun ba abin da ya same su, kayan sawar Dakta da takalmansa ko danshi babu. Kwalayen kam sun lalace, littattafai da yawa sun tafi. Muna ta shanya abin da ya rage.

Alƙur'ani lafiya.

Aiki ya yi mini yawa kwanakin nan, in kin ji shiru shi ne. A gaida Hajiya.

Hambali

Kano, 30 ga Janairu, 2022

Malam gwani,

Sallama. Muna lafiya, Hajiya har ta fara zuwa ƙofar gida da sanda. Ina fata kai ma haka. Da can wasiƙarka sai na nemi wurin zama kafin in karanta, yanzu layi biyar kake yi mini kamar takardar asibiti. Ko na yi laifi ne? In littattafan Dakta ne suke damunka, na yafe. Ruwa ba kai ka saukar ba.

Najiba ta sauke ranar Laraba. Ta shigo da gudu ta faɗa jikina, muka yi kukanmu muka share. Kullum sai ta tambaye ni ko za ta iya karanta rubutun Kaka, wai ta manta yadda yake ja wa wasu haruffan wutsiya. Ka ɗauko mana hoton shafi biyu ko uku ta riƙa dubawa. Wannan ne karo na uku da na roƙe ka, biyu a waya ka ce to.

Jiya an yi zama a gidan Yaya Alkasim kan walima, ƙannensu duk suna nan. Ana cikin maganar shinkafa da rumfa sai ya juyo ya ce, "Hannatu, wata shida ke nan. Na ji an ce a ƙasashen nan akwai masu sayen irin rubutun nan da tsada. Ban ce an sayar ba." Ka san ban iya haɗiye irin wannan ba. Na ce, "Yaya, wallahi tallahi Alƙur'anin Malam yana ɗakin ɗan'uwana Hambali, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. In bai zo kafin walima ba, ku kira ni duk sunan da kuka ga dama." Ya ce shi ke nan, rantsuwa ta raba mu.

Allah kuma Ya kawo hanya. Maman Khaulah, wato Sauda matar Dakta Bahauddeen na Jalan Semarak, za ta taho ranar ashirin ga Fabrairu. Na yi magana da ita, ta ce a jakar hannunta za ta sa, ba za ta ajiye shi ƙasa ba har Kano. Ka kai mata da wuri.

Yayarka,
Hannatu

Kuala Lumpur, 17 ga Fabrairu, 2022

Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban Najiba.

Ƙarya na yi miki. Alƙur'anin bai taɓa kwana a ɗakina ba kafin ruwan. Yana ɗakin Zulkiflu, kuma ruwa ya ci shi.

Ga yadda aka yi, ba zan rage komai ba. Ranar kwashe gida na sa takunkumi biyu da safar hannu. Na sauko da gafakar, na riƙe ta, sai zuciyata ta ce mini ai Dakta yana karantawa a ciki da yana ciwo, ya yi tari a kanta. Mutumin ya kai wata guda da rasuwa, na sani sarai ba wata cuta da za ta rage a jikin fata, ni da nake karanta irin waɗannan abubuwan. Amma na kasa shiga da ita ɗakin da nake kwana. Na ce bari ta yi sati ɗaya a wurin ajiya, sai in ɗauko. Sati ya zama wata. Tasha biyu ce a jirgin ƙasa tsakanina da wurin. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa.

Zulkiflu ya so ya taimake ni. Ya ce, "Ka sa a duro mana, murfin nan ko iska ba ta shiga." Na leƙa duron na ga takalman Dakta a ƙasa, ɗayan kuma za a ɗora masa kaya a kai. Na ce haba Zulkiflu, Alƙur'ani da takalmi? Har da yi masa wa'azi. Na jera kwalayen tara, na shimfiɗa sallaya a kan na ƙarshe, na ɗora gafakar can sama, yadda aka koya mana tun muna yara, ba abin da ke bisanta. Na ja da baya ina jin na yi ladabi. Ruwan da ya shiga ɗakin iya ƙugu ne kawai. Bai kai rabin tsayin ba. Amma kwalin ƙasa ya jiƙa ya narke, jerin ya kife, abin da ke sama shi ya faɗa tsakiyar ruwan. Takalman suna nan a bushe.

Ranar Lahadi da safe na tsamo ta daga cikin laka. Fallayen sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Baƙar tawada ta narke, jan wasali ya bi ta, da na ɗaga ruwan da ke zuba daga gafakar baƙi ne. Na zauna a bakin ƙofar wurin na yi kuka har tsohon Bamalayen da ke da gidan ya zo ya dafa ni. A lokacin ne kike ta kira. Wayata ba abin da ya same ta.

Akwai kuma wannan. Ranar da na cike takardar takaful, akwai gurbin ambaliya, ƙari kaɗan ne. Matar da ke ofishin ta tambaye ni har sau biyu. Na ce mata rabon garin nan da babban ruwa tun 1971, na tsallake. Na san ko na cike ba za su dawo da rubutun Malam ba, littafin kanti suke iya biya. Amma ina so ki san irin gwanin da kika ba amana.

Da wasiƙarki ta rantsuwa ta zo, na je wurin Zulkiflu kamar mahaukaci. Ya ce, "Takardarka fire and theft ce. Bayan flood an fasa shaguna da yawa a layin nan. Ka je police ka yi report an sace, boleh, zai yiwu. Family za su ga takarda, case closed." Yaya, na je. Na zauna a benci a ofishin 'yan sanda da lamba a hannuna, saura mutum biyu a kira ni. Sai na tuna mutanen da na tsaya gaban yara ina kira macuta. Da nake karanta labarinsu gani nake kwaɗayi ne ya sa su cinna wutar. A bencin nan na gane wasunsu kunya ce, ba su san da wace fuska za su kalli iyalinsu ba. Na tashi na fita. Kada ki ɗauka nagarta ce, tsoro ne ya sake kama ni, wannan karon na Allah.

Wata biyu ke nan yana ɗakina, yanzu da ba amfani. Kullum in yi alwala in zauna ina ɓamɓare fallayen ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙar roba, in shimfiɗa a gaban fanka. Sun haura ɗari huɗu. Tamanin da ɗaya ake iya karantawa. Sauran sun koma takarda mai toka-toka, sai wani wurin ki ga rabin aya. Shi ya sa ban turo hoto ba.

Ban kai wa Maman Khaulah komai ba, ban san ko kina so a ga abin a haka ba. Na sa kin rantse da Allah a kan ƙaryata, a gaban dangin mijinki, kina sabuwar fita takaba. Ba ni da bakin cewa ki yafe. Ki ba ni lambar Yaya Alkasim in faɗa masa da kaina.

Hambali

Kano, 10 ga Maris, 2022

Hambali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na ga saƙonninka na bayan wasiƙar, duka goma sha ɗaya. Da gangan na ƙi buɗewa.

Ba zan ɓoye maka ba, na tsane ka na kwana biyu. Ruwan bai ba ni haushi ba, tsoron ma na gane shi. Abin da ya tsaya mini shi ne "Alƙur'ani lafiya." Ka rubuta kalma biyun nan da lakar a hannunka. Da a ranar ka faɗa mini, da na je na durƙusa gaban Yaya Alkasim na ce ƙaddara ta faɗa mana, a yi kuka tare a haƙura. Yanzu zan je masa a matsayin wadda ta rantse. Na tambayi malamin su Najiba hukuncin rantsuwar ba tare da na kama suna ba, ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne ba kaffara a kansa. Ban ji sanyi ba ko kaɗan.

Maman Khaulah ta iso hannu rabbana. Na ce mata ka makara ne. Ka ga ni ma na fara.

Sati uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don duk zagin da na shirya maka in na zo rubutawa sai ya juyo kaina. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Hajiya.

Ranar da za mu taho Kano, Dakta da hannunsa ya sa gafakar a akwatina. Ya ce danshin garin nan ya fara cin takardar, kuma ya gaji da kunyar Yaya Alkasim, in kai masa abinsa. Ya fita neman mota. Na ɗora akwatin a sikeli, ya haura da kilo uku. A ciki akwai mayafai dozin biyu da na saro zan sayar wa matan unguwa. Na tsaya ina kallon su ina kallon gafakar. Na ce ai sati shida ne, in na dawo a kai shi wani zuwan. Na zare ta, na taka kujera na tura ta can cikin saman kwaba yadda ba zai gani ba sai mun tashi. Da muka sauka na kira shi na ce mantawa na yi. Ya ce, "Ba komai, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Har ya koma ga Allah yana ɗauka mantuwa ce. Mayafan ko sati ba su yi ba suka ƙare, ban ma san me na yi da kuɗin ba.

Da ban zare ta ba, da yau tana ɗakin Yaya Alkasim, da ba ta taɓa zuwa hannunka ba balle ka ji tsoronta. Kai wata biyu ka riƙe taka ƙaryar ta hana ka sakat. Ni shekara biyu ke nan ina ci ina sha da tawa.

Ban ce na yafe maka ba, don ban san ko ni ce mai yafewar ba. Ga dai abin da za ka yi. Fallaye tamanin da ɗayan nan ka jera su yadda surori suke, ka mayar a gafakar. Waɗanda suka goge ma kada ka binne, kada ka zubar, ka haɗo duka, masu abin su yanke yadda za a yi da su. Akwai wani ɗalibi ɗan Gwale da zai taho ranar Talata, Maman Khaulah za ta turo maka lambarsa. Wannan karon ka kai da ƙafarka, a ranar da ka karanta wannan.

Na faɗa wa Najiba jiya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaya ko Fatiha da farkon Baƙara suna cikin waɗanda suka tsira, don su ake karantawa ranar walima. Na ce ban sani ba. Ka duba ka gaya mini, kuma in babu ka ce babu.

Lambar Yaya Alkasim ba zan ba ka ba. Ba a waya ake faɗa wa mutum rubutun ubansa ya wanke ba. Saura kwana tara walima, an riga an raba goron gayyata. Gobe bayan la'asar zan je gidansa, na ce a tara ƙannensu duka, waɗanda na rantse a gabansu. Zan fara da nawa kafin in faɗi naka.

Hannatu